Waiwaye: Hannun da Ya Riƙe Bikin Kamun Kifi na Argungu

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Duk wanda ya san abin da ya wakana tsakanin Kabawa da Sakkwato da Gwandu a ƙarni na 19 ya san wannan tafiya tana da nauyi, domin an shafe shekaru masu yawa ana kai hari ana ramawa. Sarkin Kabi na Argungu, Muhammadu Sama, ya karrama baƙonsa da abin da mutanensa suka fi gwanancewa a kai, wato kamun kifi. Daga wannan ranar ake ƙirga shekarun bikin.

Kabawa dai suna da al'adunsu na ruwa tun kafin nan, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa. Abin da fada da En'e suka yi shi ne ba su rana da wuri da masu alhaki. Sarkin Ruwa ke kula da lafiyar kogin, Homa ke shugabantar masunta. Muhimmin aikin kuma ba a ranar biki ake yin sa ba. Hana kamun kifi tsawon shekara a kogin Matan Fada, inda ake yin gasar, shi ne ke ba giwan ruwa damar girma har ta kai a ɗora ta a sikeli jama'a su yi kabbara. Wannan doka ba ta cin kuɗi mai yawa, amma sai da hukumar da mutanen gari ke jin maganarta. A irin wannan riƙo ne aka mayar da tsohuwar fadar sarki gidan tarihi na Kanta a 1958, inda kaburburan sarakuna suke.

Daga shekarun 1970 abin ya fi ƙarfin gari. Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, gwamnatin jiha ta shigo da kuɗi, aka gina otal da masaukin baƙi, aka ƙara baje kolin amfanin gona. Sauye-sauyen ƙananan hukumomi na 1976 suka karɓe baitulmali daga hannun sarakuna, sannan a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, wadda ta ɗauki bikin a matsayin abin tunƙahonta.

Argungu ta ci moriyar hakan, babu musu. Masu saƙa ragar kamun kifi ta homa, masu noman duma, masu sassaƙa kwalekwale, makaɗa, 'yan dambe da 'yan kokawa, mata masu sayar da abinci, kowa ya san watan da kasuwarsa ke buɗewa. Yaro ya taso yana ganin wasannin kabanci, kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa da tseren kwalekwale, ya kuma san akwai ranar da shi ma zai shiga a gan shi. Sana'ar da a wasu garuruwa ake raina mai ita, a nan ta zama abin da shugabannin ƙasa ke zuwa kallo.

Sai dai tun da bikin ya rataya a kasafin gwamnati, ransa ya koma hannunta. Kyaututtuka suka yi girman da har a 2008 aka ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano ba a kogin ya kama kifin ba. Bayan na 2009 kuma aka yi shiru na shekara goma, ana danganta shi da rashin tsaro da ƙarancin ruwa. Abin da ya fi min ciwo shi ne, a tsakiyar wannan shirun, a 2016, hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duniya na yabo, Matan Fada babu kowa. Yaron da ke da shekara takwas a 2009 ya kai sha takwas bai sake jin ƙarar bindigar da ke sakin masunta ba, dattawan da za su koya masa riƙon gora da nutso kuwa wasunsu ƙasa ta rufe musu ido.

An dawo da bikin a watan Maris na 2020, inda kifin da ya yi nasara ya kai kilo 78.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Idan kuɗin suka iso Argungu, ina fatan a ware wani abu, ko yaya yake, ga yashe kogi, da gyaran rufin gidan tarihi na Kanta, da ƙananan gasa na yara a unguwanni, waɗanda za a iya yi ko gwamna ya zo ko bai zo ba.