Waiwaye: Yadda ushiri ya tashi daga rumbu ya zama haraji, sannan ya koma kan albashi

Duk lokacin da aka tayar da maganar ushiri a tsakanin Kiristoci, ba a jimawa sai a rabu gida biyu. Wasu su ce kashi ɗaya cikin goma na duk abin da mutum ya samu na Allah ne, wanda ya riƙe shi fashi ya yi wa Allah, su kafa hujja da annabi Malakai. Wasu su ce ai wannan doka ce ta Tsohon Alkawari, Kirista kuwa yana ƙarƙashin alheri, abin da ake nema a wurinsa shi ne ya bayar da yardar rai. Kowane ɓangare yana magana kamar abin da yake karewa haka yake tun fil'azal. Tarihi bai nuna haka ba. Ushirin da aka saba da shi yau, wanda ake cirewa daga albashi a kai coci, bai wuce kimanin shekara 150 da yaɗuwa ba, kuma ya sha sauya kama kafin ya iso nan.

Farkon inda aka ambace shi a Littafi Mai Tsarki shi ne Farawa sura 14. Ibrahim ya dawo daga yaƙin da ya ceto Lutu, ya haɗu da Malkisadik sarkin Salem, ya ba shi ushirin abin da ya samo. Babu wanda ya umarce shi. Haka Yakubu a Betel, wa'adi ya yi don kansa, da sharaɗinsa kuma: in Allah ya kiyaye shi ya dawo da shi lafiya, zai ba da ɗaya cikin goma.

Sai a Shari'ar Musa abin ya zama doka, kuma dokar ta fi yadda ake wa'azinta faɗi. Littafin Firistoci sura 27 ya ɗora ushiri a kan amfanin gona, da 'ya'yan itatuwa, da dabbobi: kowace ta goma da ta wuce ƙarƙashin sandar makiyayi ta Ubangiji ce, mai kyau ce ko mara kyau, ba a musanyawa. Littafin Ƙidaya sura 18 ya ba da shi ga Lawiyawa, saboda kabilarsu ba ta da rabon ƙasa kamar sauran, su ma kuma an ce su cire ushirin abin da suka karɓa su ba firistoci. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta zo da abin da ba kasafai ake karantawa a kan mumbari ba. A can an ce mai gona ya ɗauki ushirinsa ya je wurin da Ubangiji ya zaɓa, ya ci shi da iyalinsa cikin murna. In hanya ta yi masa nisa, ya sayar, ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi abin da ransa yake so. A kowace shekara ta uku kuwa, ushirin ba ya barin gari: a tara shi domin Balawi, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Malaman Yahudawa na baya sun ɗauki waɗannan a matsayin ushiri daban-daban, na farko, na biyu, da na matalauta. Abin lura kuma, duk a kan abin da ƙasa da garke suka bayar ake magana. Ba a ambaci ladan ma'aikaci ko ribar mai sana'a ba.

Tsawar da Malakai ya yi a sura 3 tana da nata yanayi. Bayan dawowa daga bautar talala a Babila, hidimar Haikali ta yi sanyi. Nehemiya ya ba da labarin yadda ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun watse, kowa ya koma gonarsa, domin an daina ba su rabonsu. Ɗakin ajiyar da Malakai ya ce a kawo dukan ushiri a cikinsa ɗaki ne na gaske a Haikali, na hatsi da mai. Kuma annabin nan da ya zargi jama'a da yi wa Allah fashi, a sura 1 da ta 2 firistoci ya fara yi wa kaca-kaca.

A Sabon Alkawari ba a cika ambaton ushiri ba. Yesu ya taɓo shi sa'ad da yake tsawata wa Farisiyawa a Matiyu 23, cewa suna fitar da ushirin na'ana'a da ƙananan ganyayen lambu amma sun yi watsi da adalci da jinƙai da aminci. Ya ce waɗannan ya kamata su yi, ba tare da barin wancan ba, kuma har gobe ɓangarorin biyu suna jan wannan aya, kowa zuwa gefensa. Amma maganar kuɗi ita kanta ta cika Linjila maƙil. Ga gwauruwar da ta jefa 'yan tsabar kuɗi biyu, aka ce ta fi masu arziki bayarwa. Ga misalin bayin da maigida ya damƙa wa dukiyarsa ya yi tafiya, ya dawo ya nemi lissafi. Daga irin waɗannan ne koyarwar riƙon amana ta samo tushe: dukiya ba ta mai riƙe da ita ba ce, ajiya aka ba shi, kuma tambayar da za a yi masa ba ta tsaya ga kashi goma ba, har da sauran casa'in ɗin.

Manzo Bulus, wanda ya shafe shekaru yana tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai taɓa yanka wa kowa kaso ba. Ya ce wa Korintiyawa kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya bayar yadda ya ƙudurta a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Akwai kuma wani abu a 2 Korintiyawa sura 8 da ya cancanci a tsaya a kansa. Bulus bai yarda kuɗin ya bi ta hannunsa shi kaɗai ba. Ya haɗa Titus da wasu 'yan'uwa, har da wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya ce yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a idon mutane. A ganina, wannan ne rabin koyarwar amana da aka fi saurin mantawa da shi. Amana tana wuyan mai bayarwa, tana kuma wuyan mai karɓa.

Ikilisiyar ƙarni na biyu da na uku a kan wannan turba ta tafi. Jastin Shahidi, ɗaya daga cikin marubutan ikilisiyar farko, wajen shekara ta 150, ya kwatanta taron Lahadi a Roma: masu hali suna ba da abin da suka ga dama, a ajiye wurin shugaban taro, shi kuma ya kula da marayu, da gwauraye, da marasa lafiya, da 'yan kurkuku, da baƙi. Tatuliyan, wajen 197, ya ce sau ɗaya a wata kowa yakan sa ɗan abin da ya iya, in yana so, ba a tilasta wa kowa. Ireniyus ma cewa ya yi Yahudawa sun keɓe ushiri, waɗanda suka sami 'yanci kuwa duk abin da suka mallaka suke keɓewa. Kada a ɗauka wannan sakaci ne da ya bar asusu wayam. Wajen 251, ikilisiyar Roma kaɗai tana ɗauke da nauyin gwauraye da mabukata fiye da 1,500. A 362, Sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma addinin gargajiyar Romawa, ya koka cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba nasu ba.

Abin ya fara juyawa bayan da Kwanstantin, Sarkin Roma, ya halatta addinin a 313. Ikilisiya ta yi yawa, gine-gine suka ƙaru, ma'aikata suka ƙaru, baikon son rai ya daina isa. Masu wa'azi suka koma ga Shari'ar Musa, suna cewa in Bayahude ya ba da ɗaya cikin goma, abin kunya ne Kirista ya gaza haka. Daga gargaɗi aka koma umarni. Taron bishop-bishop da aka yi a Makon, cikin Faransa ta yau, a 585, ya ce wanda ya ƙi biya a fitar da shi daga zumuntar ikilisiya. A 779 Sarki Shalaman, mai mulkin yawancin Faransa ta yau da kewayenta, ya mai da shi dokar ƙasa, a Ingila kuma dokokin Sarki Edgar na ƙarni na 10 suka sa masa hukunci. Tun daga nan ushiri ya zama haraji, kuma ya yi sama da shekara dubu a haka. Manomi yana girbi, ana ware dami na goma, a kai katafaren rumbun da aka gina domin haka. Wasu daga cikin waɗannan rumbunan suna nan tsaye a Ingila har yanzu.

A ƙa'ida akan raba kuɗin shigar ikilisiya kashi huɗu: na bishop, na sauran ma'aikata, na gyaran gini, da na matalauta. A aikace, rabon matalauta shi ne ya fi saurin ɓacewa. Haƙƙin karɓar ushiri ya zama kadara da gidajen sufaye da manyan masu ƙasa ke riƙewa. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1541, ushirin da suke karɓa bai koma wa manoma ba, ya faɗa hannun attajiran da suka sayi filayen. Sai ga manomi yana biyan abin da ake kira haƙƙin Allah ga mutumin da ba ya wa'azi, ba ya binne mamaci.

Ba abin mamaki ba ne da aka yi ta tawaye. Manoman Jamus, a buƙatu 12 da suka rubuta a 1525, sun yarda da ushirin hatsi, da sharaɗin su ne za su tara shi su biya faston da suka zaɓa, ragowar a ba matalautan ƙauye, amma sun ƙi na dabbobi. Taron Trent na Cocin Katolika ya sake jaddada wajibcinsa a 1563. A Ingila 'yan ɗariƙar Quaker sun sha ɗauri da ƙwace kaya saboda ƙin biya. Faransa ta soke shi a juyin juya halin 1789. A Ayalan ne abin ya fi muni, inda Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye, ke biyan ushiri ga Cocin Anglika da ba sa zuwa. Rikicin da ya ɓarke a 1831 ya ci rayuka, sai a 1838 aka ɗora biyan a kan masu ƙasa. Ingila ta mai da shi kuɗi a 1836, ta kama hanyar kawar da shi a 1936. Jamus kuwa ta riƙe wani ɓurɓushinsa: har yau hukuma tana cire wa ɗan coci mai rajista kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin da yake biya kan kuɗin shigarsa, ta miƙa wa cocinsa, wanda ba ya so ya biya sai ya je ofishin gwamnati ya fita daga cocin a rubuce.

Daidai lokacin da ushirin dole yake mutuwa a Turai ne na son rai ya tsiro a Amurka. A can gwamnati ta janye hannunta daga ɗaukar nauyin coci, jihar Massachusetts ce ta ƙarshe, a 1833. Coci-coci suka koma neman kuɗi ta hanyar ba da hayar kujeru da shirya bukukuwan tara kuɗi, ga aikin mishan a ƙasashen waje yana cin kuɗi. Tun kafin nan John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya riga ya shimfiɗa koyarwar: ka samu iyakar iyawarka ta hanyar halal, ka yi tattali iyakar iyawarka, ka bayar iyakar iyawarka. Shi bai tsaya a kan ushiri ba, cewa ya yi duka na Allah ne. Amma kashi goma yana da sauƙin koyarwa da sauƙin lissafi. Daga 1876 wani ɗan kasuwa a Chicago, Thomas Kane, ya shiga buga ƙasidu yana rabawa kyauta, yana cewa ushiri yana kawo albarka har ta abin duniya. A 1895 babban taron Baptis na kudancin Amurka ya goyi bayan tsarin. Aka shigo da ambulan baiko da alkawarin shekara-shekara. Wannan ne ushirin da 'yan mishan suka yaɗa a duniya, na kuɗi, a kan albashi da riba, ana kai wa cocin da mutum yake sujada.

Alkawarin albarka da Kane ya ɗan taɓa, wasu sun mai da shi ginshiƙi. Oral Roberts, wani mai wa'azi Ba'amurke, wajen 1970, ya yaɗa koyarwar cewa baiko iri ne da ake shukawa a girbe ninki-ba-ninki, talabijin kuma ta kai ta ko'ina. Nan fa aka juya koyarwar amana a kife: mai ajiya ya zama mai zuba jari, yana jiran riba daga Mai dukiyar. Shugabannin bishara da suka taru a Cape Town a 2010 sun fito fili sun soki wannan koyarwa, musamman yadda take tatsar talakawa. Cocin Katolika a nasa ɓangaren, a kundin dokokinsa na 1983, ya wajabta wa mabiya su tallafa wa bukatun coci su kuma taimaki matalauta, amma bai yanka kaso ba.

Duk da yawan wa'azin, binciken da aka daɗe ana yi a Amurka yana nuna cewa matsakaicin abin da 'yan coci ke bayarwa yana tsakanin kashi 2 da 3 cikin ɗari na kuɗin shigarsu, masu cika goman tsiraru ne. A ɓangaren masu karɓa ma lissafin bai cika ba. An kafa wata majalisar sa ido kan kuɗin ƙungiyoyin bishara, ECFA, a 1979, amma shigarta ganin dama ne. Shekara goma bayan haka kotu ta ɗaure mai wa'azin talabijin Jim Bakker kan zamba. Dokar Amurka ba ta tilasta wa coci ya miƙa rahoton kuɗi na shekara-shekara da sauran ƙungiyoyin agaji ke miƙawa ba. A 2007 Sanata Chuck Grassley ya nemi manyan ma'aikatun wa'azi shida su bayyana yadda suke kashe abin da ake ba su. Wasu sun ba da haɗin kai, wasu sun ƙi, aka rufe binciken a farkon 2011 ba tare da an hukunta kowa ba.