Waiwaye: Rigimar Masarautu Uku a wasan Age of Empires II ta faro ne tun daga Indiya

Tun ranar 6 ga Mayu, 2025, da aka saki sabon ƙari na wasan kwamfuta Age of Empires II mai suna The Three Kingdoms, wato Masarautu Uku, ƙurar da ta tashi ba ta gama lafawa ba. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, ƙarin ya ɗauko labarin da kowane yaro a ƙasar Sin ya tashi da shi, amma cikin masu ƙorafi da kakkausar murya har da 'yan wasa Sinawa. Wanda ya tsinci zancen daga tsakiya zai ce mutanen nan ba a iya musu. Ni kuwa da na daɗe ina bin wasan, na san ruwa ba ya tsami banza.

Wasan ya fito a 1999 da al'ummomi 13, ciki har da Sinawa da Japanawa da Mongol. Ka zaɓi al'umma, ka tara itace da abinci da zinariya da dutse, ka gina gari, ka haɗa runduna, ka fita yaƙi. Zamaninsa ya kama daga faɗuwar Rum zuwa wajen shekarar 1600. A 2000 aka ƙaro Koriyawa da jirgin ruwansu mai siffar kunkuru. Daga nan ƙari ya yi ta biyo ƙari, har al'ummomin suka kai 45 kafin 2025. Duk tsawon shekarun nan Sinawa ba su samu jerin labarin yaƙi nasu na kansu ba. Ana haɗuwa da su a matsayin abokan gaba a labarin Genghis Khan, sai kuma fage guda na yaƙin tafkin Poyang na 1363. Koriyawa ma fagen Noryang na 1598 aka ba su, yaƙin da Yi Sun-sin, kwamandan jiragen ruwansu, ya rasu a cikinsa. Wannan tsohon ƙorafi ne, kowa ya san shi, kuma an saba haƙuri da shi.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne watan Afrilun 2022, lokacin da ƙarin Dynasties of India ya fito. Kafin nan, ɗaukacin yankin Indiya al'umma ɗaya ce a wasan tun 2013, ƙarfinta kuma a kan raƙuma yake. Mutumin kudancin Indiya, wanda kakanninsa suka shahara da jiragen ruwa da giwaye, sai ya tarar an ɗora shi a kan raƙumin hamada an ce ga tarihinka nan. A 2022 aka warware wannan ƙulli. Tsohuwar al'ummar ta koma Hindustani, aka fitar da Bengali da Dravidian da Gurjara. Kowace ta zo da fadarta da mayaƙanta: Bengali da keken yaƙi, Dravidian da takobin urumi mai lanƙwasa kamar bulala, Gurjara da masu jifa da faifan ƙarfe. Aka ba su labaran sarakuna: Devapala, Rajendra Chola, Babur, aka kuma mayar da tsohon labarin Prithviraj hannun Gurjara.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da wanda ba ya buga wasan ba zai kula da shi ba. Idan ka danna baƙauye don ka aike shi saran itace, yakan amsa maka da harshensa. A cikin awa ɗaya za ka ji wannan amsar sau ɗaruruwa. Baƙauyen Dravidian da harshen Tamil yake amsawa. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a watan Agustan 2021, da aka sa Hausawa a Age of Empires III, ga Sarauniya Amina, ga mahaya masu lifidi, ga ƙauyawa suna amsawa da Hausa. Ranar da na fara jin haka sai da na ajiye wasan, na yi ta danna mutum ɗaya ina saurare. Duk wanda ya taɓa jin harshensa a wurin da bai yi zato ba ya san abin da nake nufi.

To, ƙarin Indiya ya samu karɓuwa ƙwarai, kuma ya bar wa 'yan wasa wani ma'auni a zuciya, ko da babu wanda ya rubuta shi a matsayin alkawari. Ma'aunin shi ne: “al'umma” a wannan wasa tana nufin jama'a masu harshensu da al'adarsu da dogon tarihinsu, kuma idan an ga an cusa jama'a da yawa cikin riga ɗaya, za a zo a ba kowa tasa. Daga ranar aka fara tambayar wa ke biye, idanu kuma suka koma gabas, wajen ƙasar Sin da maƙwabtanta. Shekara uku cur masu sha'awar tarihi suna zana jerin sunaye, kusan kullum iri ɗaya. Khitan, masu daular Liao da ta faɗi a 1125. Jurchen, waɗanda suka kafa daular Jin a 1115, suka ci birnin Kaifeng a 1127. Tangut, masu daular Xia ta Yamma daga 1038 zuwa 1227, da rubutunsu na musamman. Tibet, wadda dakarunta suka shiga Chang'an, babban birnin daular Tang, a 763. Sai masarautar Dali a yankin Yunnan, daga 937 zuwa 1253. Biyar ke nan daidai. Don haka da labari ya fito a farkon 2025 cewa sababbin al'ummomi biyar na nan tafe, mutane da yawa sun ɗauka lissafinsu ya cika.

Wasu abubuwa biyu da suka faru a tsakani sun ƙara ɗaure wannan zato. A 2023 an shigo da Rumawa, aka yi ta gardama kan ko sun yi wa zamanin wasan tsufa. A Nuwamban 2024 kuma da aka kawo tsofaffin Girkawa da Farisawa, sai aka ware musu ɓangarensu daban, ba a sa su a fagen gasa ta intanet ba. Abin da 'yan wasa suka fahimta shi ne, duk abin da ya girmi zamanin, ɗakinsa daban.

A watan Afrilu aka buɗe kwano, sai ga Khitan da Jurchen, sauran ukun kuwa Wei da Shu da Wu. Waɗannan masarautu ne da suka raba ƙasar bayan rushewar daular Han a 220, kuma zuwa 280 duk sun shuɗe. Shu shekara 42 kawai ta yi. Ƙorafin da ya fi yawo tsakanin 'yan wasa Sinawa shi ne, ukun nan jama'a ɗaya ne da yaƙin basasa ya raba, ga kuma al'ummar Sinawa tana nan a wasan ba a cire ta ba. Ke nan Sinawa huɗu a fage ɗaya. Har ma baka mai harba kibau a jere da Sinawan wasan ke taƙama da shi tun 1999, Chu Ko Nu, sunan Zhuge Liang yake ɗauke da shi, wazirin masarautar Shu. Sannan aka ba kowace masarauta gwarzo da za a iya fitarwa a fagen gasa, Cao Cao da Liu Bei da Sun Jian, abin da ba a saba gani a wannan fage ba.

Wani zai ce ai Sinawa suna son wannan labari, kuma gaskiya ne. Littafin labarin masarautun uku da ake danganta wa Luo Guanzhong na ƙarni na 14 ya ratsa Sin da Koriya da Japan, kuma tun 1985 ake yin wasannin kwamfuta a kansa a Japan. Amma nan ɗin ne gizo ke saƙa. Mai son yaƙin Red Cliffs na 208, fitaccen fage a wannan labari, yana da wasanni birjik da zai zaɓa. Mai son ya ga daulolin Tang ko Song ko Xia ta Yamma, wurin zuwansa kaɗan ne, kuma wannan wasa yana cikin 'yan wuraren da ya sa rai. Akwai gajiya ta gaske a cikin muryoyin da na karanta, gajiyar mutumin da duk inda ya je tatsuniya ɗaya ake roƙonsa ya maimaita. Masu jiran labarin Koriya da na Japan su ma sun ga an zo unguwarsu an wuce. Koriya kuwa tana da nata zamanin masarautu uku, Goguryeo da Baekje da Silla, wanda ya kai har 668.

Ban ce kowa ya ƙi ƙarin ba. Akwai waɗanda suka saya suka ji daɗin labaran uku, suna kuma kafa hujja da Burgundi ta Turai da aka shigar a 2021, wadda ita ma ta fi kama da masarauta. Hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai Burgundi ta riga Indiya zuwa, kuma da mudun Indiya aka auna wannan karon.

Shi ya sa abin da ya fi yi wa mutane ciwo ya faɗo kan al'ummomi biyun da aka daɗe ana roƙo. Khitan da Jurchen sun zo ba tare da jerin labarin yaƙi nasu ba. An ba Khitan majaujawar da ake ɗorawa a bayan raƙumi, makamin da masu bin tarihi suka sani na Tangut ne, suka kuma ce fadarsu ma ginin Tangut ta ɗauko. A ranar da ƙarin ya fito, idan ka danna baƙauyen Khitan, da muryar Mongol yake amsawa. Idan ka danna na Jurchen, kakannin Manchu, mutanen da suka ƙirƙiri rubutunsu a 1119, da Sinanci yake amsa maka.