Waiwaye: Yadda Ciwon Zuciya Ya Baro Turai Ya Iske Mu A Yamai

Har yanzu a fadojin Yamai, in aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, sai a ce ajali ne, ko a fara zargin jifa. Kaɗan ne ke kawo zancen jijiyoyin da ke ciyar da zuciya jini, waɗanda kitse ke toshewa sannu a hankali, shekara da shekaru, har ranar da gudan jini zai rufe hanyar gaba ɗaya.

Tsohon ciwo ne, an ga alamunsa a gawarwakin Masar ta zamanin Fir'auna. Amma sai a 1912 wani likita a Shikago, James Herrick, ya nuna cewa mutum na iya kamuwa da wannan toshewa kuma ya rayu. Bayan yaƙin duniya na biyu ciwon ya addabi Amurka, shi ya sa a 1948 aka fara bibiyar mutane 5,209 a garin Framingham. Daga nan aka gane masu laifin: taba, hawan jini, kitse cikin jini, ciwon suga.

A lokacin, mu ba ma cikin lissafi. Binciken da aka wallafa a 1959 ya ce da ƙyar ake samun ciwon a tsakanin baƙaƙen fatar Yuganda. Sunan "ciwon Nasara" ya zauna, kuma ya yi mana illa.

Don kuwa duniya ta juya. A Arewacin Kareliya ta ƙasar Finlan, daga 1972 aka sa jama'a rage taba, gishiri da man shanu, mace-macen ciwon zuciya a tsakanin maza masu jini a jika ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Mu kuma muka karɓi abin da suka yar. A ƙididdigar hukumar lafiya ta duniya OMS, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Dubi cimarmu ta birni. OMS ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, amma tukunya ɗaya na cin gishiri da dunƙulen magi biyu ko uku. Ga shayi zagaye uku da sukari, ga sigari da shisha duk da dokar hana taba ta 2006, ga kabu-kabu ko da tafiyar ta ƙofar gida ce.

Babban asibitin kwatance na Yamai, da aka buɗe a 2016, ci gaba ne. Sai dai bugun zuciya a cikin awoyi ake ceto shi, wanda ya faɗi a Tawa kuwa fiye da kilomita 500 ke tsakaninsa da Yamai. Awon tansiyo a asibitin unguwa bai wuce minti biyar ba, amma akasarinmu sai ciwon kai ya kwantar da mu muke miƙa hannu.