Makin ɗan baƙo a jarrabawar Amurka: abin da dokar ESSA ta tanada

'Yar ƙanwata tana da shekara 11 lokacin da ta bar Maraɗi ta bi iyayenta New York. A gida ba ta taɓa sauka daga ukun farko a lissafi ba. Da Faransanci take boko, da Hausa take hira, a allo kuma ta yi nisa. Wata bakwai da isarta aka zauna jarrabawar jiha, da sakamako ya fito sai ga ta a matakin ƙasa. Uwar ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, ko dai kan yarinyar nan ya toshe ne?" Na ce ta turo mini irin tambayoyin da ake ba su na gwaji. Wata tambayar ta ce yaro yana da kuɗi kaza, ya kashe kaza, nawa ya rage. To kalmar Turancin da ke nufin "ya rage" ita ce dai kalmar da ke nufin "hagu", yarinyar kuwa da hagu kaɗai ta san ta. Sai ta zauna tana neman hagu da dama a cikin lissafin kuɗi. Da na maimaita mata tambayar da Hausa, ban rufe baki ba ta ba ni amsa.

Jarrabawar da aka rubuta da Turanci abu biyu take aunawa a lokaci guda, darasin da kuma Turancin, amma lamba ɗaya take fitarwa. Dokar Amurka ta san da wannan, kuma ta yi tanadi a kai, ko da yake a ganina tanadin bai kai girman matsalar ba. Duk mai yaro a makarantar gwamnati a can ya kamata ya san shi.

Dokar da ke aiki yanzu sunanta Every Student Succeeds Act, ana taƙaita ta da ESSA. Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 10 ga Disamba 2015, ta gaji dokar No Child Left Behind da George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002. Dukansu sabunta tsohuwar dokar ilimi ta 1965 ne. Sharaɗin da ke ciki shi ne duk jihar da ke karɓar kuɗin tarayya sai ta jarraba yara a karatun Turanci da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da sau ɗaya a babbar sakandare, kimiyya kuma sau uku a tsawon karatun. Ana so aƙalla kashi 95 cikin 100 na yara su zauna. Sannan ba a yarda a dunƙule sakamako wuri ɗaya ba: sai an ware na 'ya'yan talakawa, na masu buƙata ta musamman, na kowace ƙabila da launin fata, da na masu koyon Turanci. Hikimar wannan rarrabewa a fili take, don kada makaranta ta ɓoye yaran da ta bari a baya a ƙarƙashin makin ƙwararrunta.

Abin da mutanenmu suka fi rikitawa shi ne ɗaukar "ɗan baƙo" da "mai koyon Turanci" a matsayin abu ɗaya. Doka ta raba su. Ɗan baƙo a wurinta shi ne mai shekara 3 zuwa 21 da aka haifa a wajen Amurka, wanda bai wuce cikakkun shekarun karatu uku a makarantun ƙasar ba. Mai koyon Turanci kuwa, wanda za ka ga an rubuta EL ko ELL a takardunsa, shi ne wanda ƙarancin Turancinsa wajen ji, magana, karatu ko rubutu zai iya hana shi cin moriyar aji. Yaron da ya taso daga makarantar kuɗi a Kaduna ko Kumasi da Turancinsa tar, ɗan baƙo ne amma ba lallai ya shiga rukuni na biyu ba. Yaron da aka haifa a unguwar Bronx ta New York, wanda bai ji komai a gida ba sai Hausa har ranar da aka kai shi aji, ɗan ƙasa ne cikakke amma yana iya shiga. Hasali ma mafi yawan masu koyon Turanci a Amurka a can aka haife su. A 2021 yawansu ya kai kusan miliyan 5.3, wato sama da kashi 10 cikin 100 na 'yan makarantun gwamnati, kuma wajen kashi uku cikin huɗu nasu Sifaniyanci ne harshen gidansu. Saboda haka idan ka ji ana cewa baƙi ne ke ja da makin makaranta ƙasa, tambayi mai maganar wane rukuni yake nufi, don sau da yawa shi kansa bai tantance ba.

Ita makaranta ba ta da hurumin korar yaro saboda takardun iyayensa. An gama wannan magana tun 1982 a shari'ar Plyler da Doe. Jihar Texas ta yi doka ta hana kuɗin karatun yaran da ba su da takardun zama, gundumar Tyler kuma ta ɗora wa kowane irin wannan yaro dala 1,000 a shekara. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. Kafin nan, a 1974, an yi shari'ar Lau da Nichols a kan yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a San Francisco da aka zuba a aji ba tare da an koya musu Turanci ba. Hukumar makarantu ta kare kanta da cewa ai littafi ɗaya, malami ɗaya, aji ɗaya ta bai wa kowa. Kotu baki ɗaya ta ce wannan ba daidaito ba ne, tunda wanda bai ji harshen ba an rufe masa ƙofa ko da yana zaune a ɗakin. Daga baya, a 1981, wata kotun ɗaukaka ƙara a shari'ar Castañeda da Pickard ta gindaya ma'auni uku: shirin koyar da Turanci ya kasance yana da tushe a ilimi, a ba shi malamai da kayan aiki na gaske, kuma in an ga bai haifar da ɗa mai ido ba a sauya shi. Har yau da waɗannan ma'aunai ake duba ƙorafin iyaye.

A aikace komai yana farawa ne daga wata 'yar takarda da ake ba ka ranar rajista, mai tambayar harshen da ake yi a gida. In ka rubuta Hausa, za a gwada Turancin yaron cikin kwana 30. In gwaji ya nuna yana buƙatar taimako, wajibi ne a sanar da kai a rubuce, da harshen da kake fahimta gwargwadon iko, a faɗa maka matakinsa, irin shirin da za a sa shi, da abin da zai cika kafin ya fita. Kana da damar cewa ba ka so a sa shi a shirin. Sai dai ƙin shirin ba ya ɗauke masa gwajin Turanci na shekara-shekara. Jihohi da dama suna amfani da gwajin ACCESS na ƙungiyar WIDA da ke Jami'ar Wisconsin, mai matakai shida. California tana da ELPAC, Texas tana da TELPAS. Na san iyaye da suke rubuta "Turanci" a wannan takarda don gudun kada a yi wa ɗansu kallon baƙauye. Na fahimci tsoron, amma kuskure ne mai tsada. Yaron da ba a yi masa rajista a matsayin mai koyo ba, ba shi da haƙƙin sassaucin da doka ta tanada ranar jarrabawa, kuma duk makin da ya fito za a karanta shi a matsayin iyakar ƙwaƙwalwarsa.

Ga sabon zuwa, wato wanda bai cika wata 12 a makarantun Amurka ba, ESSA ta bai wa jihohi zaɓi biyu. Na farko: a ɗauke masa jarrabawar karatun Turanci sau ɗaya, ya zauna ta lissafi, amma kada a saka makinsa na shekarar a ma'aunin da ake hukunta makaranta da shi. Na biyu ya fi tafiya a hankali: shekarar farko ya zauna duka, a fitar da sakamako amma kada a ƙirga, shekara ta biyu a ƙirga ci gaban da ya samu kawai, sai a ta uku a ƙirga ko ya kai matakin da ake nema. Kula da kyau, wannan sassauci makaranta yake karewa. Shi yaron takarda za ta zo gida da ƙaramin maki kamar yadda ta zo wa ƙanwata, kuma babu wanda ya zaunar da ita ya ce mata wannan lamba ba ta shiga lissafin kowa ba.

Doka ta kuma ce a jarraba yaro da harshe da sigar da suka fi yiwuwa su nuna ainihin abin da ya sani, "gwargwadon yadda zai yiwu". A cikin waɗannan kalmomi na ƙarshe Bahaushe yake faɗawa. Kowace jiha ita ke fayyace harsunan da take ganin suna da yawa a makarantunta, kuma kusan ko'ina Sifaniyanci ne a gaba. New York ta fi yawancin jihohi ƙoƙari, tana fassara wasu jarrabawowinta zuwa harsuna irin su Sinanci, Rashanci, Koriyanci da Kiriyol na Haiti, ga masu ƙananan harsuna kuma ta yarda a kawo tafinta ya fassara da baki, banda a jarrabawar Turancin kanta. Akwai kuma ƙarin lokaci da ƙamus mai fassara kalma da kalma. Waɗannan ba sa zuwa da kansu a kowace makaranta. Sau da yawa sai uba ko uwa sun buɗe baki sun tambaya tun kafin lokacin. Ko a inda ake da jarrabawar karatu da harshen gida ma, bayan shekara uku a jere dole a koma Turanci, sai dai a ƙara wa wani yaro har shekara biyu in an duba halinsa.

Inda nake da ja da dokar shi ne ƙurewar lokaci. Jim Cummins, masanin da ya yi aikinsa a Kanada, ya daɗe da nuna cewa Turancin filin wasa daban, Turancin littafi daban: na farko yaro kan kama shi cikin kamar shekara biyu, na biyu kan ci biyar zuwa bakwai. Binciken Kenji Hakuta da abokan aikinsa na 2000 ya samu kusan haka, shekara uku zuwa biyar kafin baki ya faɗa, huɗu zuwa bakwai kafin a iya Turancin karatu. Doka kuwa shekara ɗaya ta ɗaga ƙafa, in an ja sosai biyu. Wannan tazara ita ke yaudarar malamai da iyaye. Yaro yana zuba Turanci da abokansa kamar haifaffen gari, sai a ce ai ya iya, in ya faɗi jarrabawa a ɗora wa lalaci. Shi kuwa Jamal Abedi, masanin harkar jarrabawa a Amurka, ya nuna cewa idan aka sauƙaƙa jimlolin tambayar lissafi ba tare da an taɓa lissafin ba, tazarar masu koyon Turanci da sauran yara takan ragu. Ma'ana wani ɓangare na gibin a cikin jimlar yake zaune.

Akwai kuma wani lauje cikin naɗi a alƙaluman da jaridu ke bugawa. Rukunin masu koyon Turanci kamar asibiti yake: wanda ya warke a sallame shi, sabon majiyyaci ya hau gadon. Duk yaron da ya ƙware ana cire shi daga rukunin, sababbin zuwa su maye gurbinsa, don haka ko makaranta ta yi aikin da ya fi na kowa, matsakaicin makin rukunin zai ci gaba da zama a ƙasa. ESSA ta ɗan rage wannan, ta yarda jiha ta ci gaba da ƙirga waɗanda suka fita har shekara huɗu, maimakon biyu na da. Ta kuma sa ci gaban yara a Turanci ya zama ɗaya daga cikin manyan ma'aunan da ake auna kowace makaranta da su, abin da a da yake gefe guda a wani sashe na dabam. Wannan gyara ne mai kyau, domin yanzu shugaban makaranta ba zai iya cewa yaran nan matsalar malamin Turanci ce shi kaɗai ba.

Ingila ma tana da makamancin wannan, da wani sharaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Makaranta na iya neman a cire sabon zuwa daga jadawalin kwatanta makarantu, amma sai in Turanci ba harshen hukuma ba ne a ƙasar da ya fito. Ke nan yaron Damagaram ya cancanta, yaron ƙauyen Katsina da bai taɓa haɗa jimla ɗaya da Turanci ba bai cancanta ba, alhali harshe ɗaya suke yi a gida.

A 2025 abubuwa sun ɗan girgiza a Amurka. A watan Maris Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma, daga baya cikin shekarar ma'aikatar ilimi ta janye takardar jagora ta 2015 da ke fayyace wa makarantu nauyin da ke kansu game da masu koyon Turanci. Takardar jagora ba doka ba ce. ESSA tana nan, hukuncin Lau da na Plyler suna nan. Abin da ya ragu shi ne sa idon tarayya, wanda ke nufin nauyin bin kadi ya ƙara komawa kan jihohi da iyaye.

Abin da na gaya wa ƙanwata shi ne ta nemi ganin malamar, ta nemi tafinta, wanda makaranta ce za ta samar ba yarinyar ba, ta ajiye takardu biyu a kan tebur, ta jarrabawar jiha da ta gwajin Turanci, ta tambaya: wane mataki take a ji, magana, karatu da rubutu, wane sassauci aka ba ta ranar lissafi, kuma me ake nema kafin ta fita daga shirin. Ta je. Ya bayyana cewa ba a ba yarinyar ƙamus ba, domin ba wanda ya lura cewa ko da babu na Hausa, na Faransanci zai yi mata aiki. An rubuta shi a fayil ɗinta don jarrabawa ta gaba.