Tallafin raya ƙasa: ma'anarsa, da dalilin da ya sa yake ɗaure da mulkin riƙon ƙwarya a Sudan

Mai sauraron labarai a Gadarif, ko Kasala, ko Damazin, ko Mai Wurno, ya sha jin an ce ƙasashen waje sun yi wa Sudan alƙawarin dala biliyan kaza, kuma yakan ɗauka cewa duk kuɗin da aka ambata iri ɗaya ne. A gaskiya iri biyu ne, kuma kowanne da ƙa'idarsa. Na farko shi ne agajin jin ƙai, wato buhun dawa da man girki da tanti da magani, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suke kai wa mutum kai tsaye domin kada ya mutu, ko wane ne yake mulki a Khartoum. Na biyu shi ne tallafin raya ƙasa: dukiyar da gwamnatocin waje da cibiyoyi irin su Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka, da Tarayyar Turai suke bayarwa domin a gina abin da zai daɗe, kamar hanyoyi da wutar lantarki da magudanan ban-ruwa irin na Jazira da makarantu, ko kuma a gyara yadda hukuma take karɓar haraji da kashe shi. Yana zuwa a matsayin kyauta, ko rance mai sassauci, ko yafe bashi, ko ƙwararrun da ake turowa ma'aikatu. Tun 1970 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe masu arziki su ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu domin wannan aiki, amma 'yan kaɗan ne suka taɓa cika wannan mudu.

Tun da yake aikin shekaru ne, kuma da yawa daga cikinsa ta baitulmali da ma'aikatu yake bi, mai bayarwa ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga gwamnatin da ya yarda da ita. A nan ne tallafin yake haɗuwa da siyasa. Idan aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu, yawanci a kan kafa mulkin riƙon ƙwarya wanda zai riƙe ƙasa har zuwa zaɓe, sai kuma a kira taron masu ba da tallafi, domin abubuwan da yarjejeniya take ɗauke da su duka masu cin kuɗi ne: mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu, biyan diyya, shigar da mayaƙa cikin rundunar soja ko sallamarsu da abin sana'a, da warware rigingimun filaye. Gwamnatin da ta fito daga yaƙi ba ta da wannan kuɗi a hannu.

Sudan ta bi wannan hanya fiye da sau ɗaya. Bayan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Nairobi ranar 9 ga Janairu 2005, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Kudu ta kuma yanke wa'adin riƙon ƙwarya na shekara 6, an taru a Oslo cikin watan Afrilu aka yi alƙawarin kimanin dala biliyan 4.5. Bayan takardar sulhu ta Doha ta 2011 kan rikicin Darfur, taron da aka yi a 2013 ya tara alƙawarin dala biliyan 3.6, rabin abin da aka ƙiyasta ana buƙata. Ya kamata mai karatu ya lura da kalmar alƙawari, domin tsakanin abin da minista ya faɗa a zauren taro, da abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, da abin da ya shiga asusu, akwai tafiya mai nisa, kuma wani kaso na adadin da ake shelantawa tsohon kuɗi ne da aka riga aka ware, wani kuma agajin jin ƙai ne da aka haɗa a lissafi.

Zagaye na baya-bayan nan shi ne ya fi nuna yadda abin yake aiki. An sauke shugaban ƙasa Umar al-Bashir ranar 11 ga Afrilu 2019, sojoji da farar hula suka raba mulki a watan Agusta, Abdalla Hamdok ya zama firaminista. Ya tarar da ƙasa da bashi ya yi mata katutu, ba ta iya karɓar rance daga Bankin Duniya saboda tsofaffin basussukan da ba ta biya ba, ga sunanta a jerin ƙasashen da Amurka take zargi da goyon bayan ta'addanci tun 1993. A watan Yuni 2020 taron Berlin ya yi alƙawarin dala biliyan 1.8. Ranar 3 ga Oktoba aka sa hannu a yarjejeniyar Juba da ƙungiyoyin tawaye na Darfur da na Blue Nile, ko da yake wasu manyan shugabannin 'yan tawaye biyu, Abdulaziz al-Hilu da Abdulwahid Nur, ba su shiga ba. A Disamba Amurka ta cire sunan Sudan daga jerin nan, bayan Khartoum ta amince da biyan diyyar dala miliyan 335. Daga nan aka biya tsofaffin basussukan Bankin Duniya da rancen wucin gadi daga Amurka, aka yi taron Paris a watan Mayu 2021, kuma a ƙarshen Yuni Sudan ta shiga shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi, inda bashinta na waje ya kai kimanin dala biliyan 56.

Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da sharaɗi, kuma talaka ne ya fara biyansa. A watan Fabrairu 2021 aka karya darajar kuɗin ƙasa, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma, a watan Yuni aka janye rangwamen man fetur da na dizal gaba ɗaya, kuma zuwa Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Abin da aka tanada domin rage raɗaɗi shi ne shirin Samarat, wanda zai riƙa ba kowane mutum kwatankwacin dala 5 a wata, da burin kaiwa ga kashi 80 cikin ɗari na jama'a, sai dai rajista ta yi tafiyar hawainiya, kuma gidaje da yawa ba su shiga ba. A ganina wannan shi ne babban rauni a tsarin: tsadar burodi da kuɗin mota suna zuwa a rana ɗaya, amfanin tallafi kuwa sai bayan shekaru, alhali gwamnatin riƙon ƙwarya ba ta da ƙuri'ar jama'a da za ta jingina da ita a tsakanin lokutan biyu.

Haka abin ya kasance a wajen aiwatar da yarjejeniyar Juba. Abin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, wato raba wa shugabannin 'yan tawayen muƙamai, an yi shi da wuri: Jibril Ibrahim ya zama ministan kuɗi, Minni Minnawi gwamnan yankin Darfur, Malik Agar ɗan Majalisar Mulki da take shugabantar ƙasa. Dala miliyan 750 da aka ce za a riƙa ware wa Darfur duk shekara har shekara 10, da haɗe rundunoni, da batun filaye, duk sun tsaya jiran kuɗi da niyya. Hausawan Blue Nile sun san abin da barin maganar filaye da sarauta a buɗe yake haifarwa, domin rikicin da ya ɓarke a can a watan Yuli 2022, ya kuma sake tashi a Oktoba, ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubbai da gidajensu. Rashin kuɗi kaɗai bai isa ya bayyana wannan masifa ba, amma hukumomin da ya kamata su yi sulhu kafin a zubar da jini ba su samu ƙarfin yin aikinsu ba.

Ranar 25 ga Oktoba 2021 shugaban sojoji Janar Abdulfatah al-Burhan ya rushe gwamnatin farar hula. A ranar Amurka ta dakatar da dala miliyan 700, bayan kwana biyu Bankin Duniya ya tsayar da sakin kuɗi daga kimanin dala biliyan 2 da ya buɗe wa ƙasar, shirin yafe bashi ya tsaya cak, Samarat ma ya tsaya. Masu ba da tallafi suna da hujja, domin ci gaba da zuba kuɗi a baitulmali zai zama saka wa juyin mulki da alheri. Amma magidancin da ya jure karyewar fam da tsadar mai bai samu an mayar masa da tsohon farashi ba. A 2022 Bankin Duniya ya karkatar da dala miliyan 100 zuwa Hukumar Abinci ta Duniya domin ta raba wa mabuƙata ba tare da bi ta hannun gwamnati ba, wato kuɗin da aka tara domin gina ƙasa ya koma na ceton rai.

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da Dakarun Ɗaukin Gaggawa (RSF) ranar 15 ga Afrilu 2023, kusan duk adadin da ake ji a labarai na agajin jin ƙai ne, har da sama da yuro biliyan 2 da aka yi alƙawari a Paris a watan Afrilu 2024. Tallafin raya ƙasa na gaske, tare da yafe bashin da aka fara a 2021, ba zai dawo ba sai an samu tsagaita wuta da gwamnatin da masu bayarwa suka amince su ƙulla yarjejeniya da ita, kuma a lokacin za a sake zama kan sharuɗɗan daga farko.