Sharuɗɗan da aka gindaya wa 'yan hijirar Faransa kafin a ba su gona a Kef

A watan Oktoba na 1685 Sarki Luwi na 14 na Faransa ya soke Dokar Nant ta 1598, wadda ta ba Kiristocin Furotesta, da ake kira Hugenot, damar yin ibada. Sabuwar dokar ta ce a rushe majami'unsu, fastocinsu su bar ƙasar cikin kwana 15 ko su koma Katolika. Su kuwa mabiya an hana su fita. Namijin da aka kama yana gudu, sai a tura shi tuƙin kwale-kwalen yaƙi. Duk da haka kusan mutum 200,000 suka sulale, da yawansu zuwa Holand.

A can ne kamfanin 'yan Holand mai suna VOC, mai fataucin kayan yaji daga gabas, ya ga dama ta samu. Tun 1652 yake da zango a Kef, can ƙarshen kudancin Afirka, inda jiragensa ke tsayawa ɗaukar ruwa da abinci, amma manoma sun yi masa kaɗan. To ga mutane ba gida ba gona, wasunsu ma sun san noman inabi.

Ƙa'idar da shugabannin kamfanin su 17 suka gyara a 1687 ga abin da ta ƙunsa. Jirgi kyauta ne. Kafin a hau sai an yi rantsuwar biyayya ga kamfani. Idan an sauka za a ba mutum fili, amma iri da kayan aiki bashi ne, a biya sannu a hankali. Sannan dole a zauna shekara 5. Da farko shekara 15 aka sa, ganin mutane na ɗari-ɗari aka rage. An kuma yarda su tafi da fasto mai jin yarensu, Piyer Simon, wanda ya iso a 1688.

Waɗanda suka iso tsakanin 1688 da 1689 ba su kai 200 ba. Gonakin, kowacce kusan hekta 50, an yanka su ne a kwarin Dirakenstain da wurin da yanzu ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa. Ƙasar kiwon mutanen Khoikhoi ce, 'yan asalin wurin, kuma ba wanda ya tambaye su.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen rabon filin. Kwamandan zangon Kef, Simon fan da Stel, bai yarda su taru wuri guda ba. Sai ya ba Bafaranshe nan, ya ba ɗan Holand kusa da shi, ta yadda in garmarka ta karye, wanda za ka je aro wurinsa ba ya jin yarenka. Da suka nemi majami'ar kansu a 1689 ya fusata, sai daga Amstadam, wurin shugabannin kamfanin, aka sahale musu. A 1701 kuma umarni ya zo cewa a koyar da yara da yaren Holand. A ganina wannan shi ne ainihin kuɗin gonar, ko da yake ba a rubuta shi a takardar da suka yi rantsuwa a kanta ba.

Kafin tsakiyar ƙarni na 18 Faransanci ya kusa ɓacewa a Kef. Sunaye ne suka rage: Du Toit, De Villiers, Joubert, Malan. De Klerk ma, sunan shugaban da ya saki Mandela a 1990, asalinsa Le Clercq ne.