Wasan Giants da Dodgers na 1951: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Wane wasa ne wannan?

Wasan besbol ne tsakanin New York Giants da Brooklyn Dodgers, ranar 3 ga Oktoba, 1951, a filin Polo Grounds. Giants suka ci 5 da 4.

Ba Los Angeles da San Francisco suke ba?

Yanzu ke nan. Sai bayan kakar 1957 suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya. A 1951 gari ɗaya suke, gabarsu ma ta maƙwabta ce. Don Allah a daina kawo min wannan gyaran.

Me ya sa ake ta maganarsa har yau?

A tsakiyar Agusta Dodgers sun ba Giants ratar wasa 13 da rabi, kowa ya cire rai. Giants suka ci 37 cikin wasanni 44 na ƙarshe, aka tashi kunnen doki, aka sa musu wasa uku na raba gardama don fitar da zakaran rukuninsu, National League. Kowa ya ci ɗaya. A na uku Dodgers na gaba da 4 da 1 a zagayen ƙarshe. Mai jifar Dodgers, Don Newcombe, ya gaji, Giants suka rage zuwa 4 da 2 da mutanensu biyu a kan tasha (wurin da mai gudu ke tsayawa kafin ya ƙarasa zagaye ya ci maki), aka kira Ralph Branca ya karɓi jifa. A jifarsa ta biyu Bobby Thomson na Giants ya maka ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo, maki uku lokaci guda.

Ban san dokokin besbol ba, zan gane faifan bidiyon wasan?

Za ku gane, kada ku damu. Ku dubi Branca da ya sunkuyar da kai, ku saurari mai sharhi Russ Hodges yana ta maimaita cewa Giants sun ɗauki kambi. Ya isa.

Idan ana gardama aka ce min Giants maguɗi suka yi, me zan ce?

Nan sai a bi a hankali. Ku fara da amincewa da abin da ya tabbata. A 2001 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa tun watan Yuli Giants sun ajiye mutum da madubin hangen nesa a ɗakinsu da ke can ƙarshen fili. Yana leƙen alamun da mai cafke ƙwallo na abokan karawa ke yi wa mai jifarsu da yatsu, sai a danna ƙararrawa, wani ɗan wasa, Sal Yvars, ya isar wa mai bugu da irin jifar da ke tafe. Wasu 'yan ƙungiyar sun amsa da bakinsu. Duk wanda ya musa wannan son zuciya ne kawai.

Amma kada ku yi saurin cewa madubin ne ya ci wasan. Thomson ya yarda an yi satar alamun, ya kuma dage har ya rasu a 2010 cewa a wannan jifar bai karɓi saƙo ba. Branca bai gamsu ba, kuma ba na ganin laifinsa: shekara da shekaru ana kiransa wanda ya zubar da kambi. A wancan lokacin babu rubutacciyar doka da ta hana, ko da yake an san abin kunya ne, shi ya sa aka ɓoye. Sannan masu jifar Giants, Sal Maglie da Larry Jansen, kowa ya ci wasa 23 a kakar, kuma madubi ba ya taya mutum jifa. A ganina ku ce an cuci Dodgers a kakar, bugun Thomson kuwa maganarsa ce da ta Branca, kowa da tasa.

Me ya hana a kauce wa Thomson, wato a bar shi ya wuce tasha ta farko ba tare da ya buga ba?

Willie Mays na Giants, ɗan shekara 20, shi ke bi masa, da an kauce wa Thomson shi za a fuskanta. Kocin Dodgers, Charlie Dressen, ya zaɓi a yi wa Thomson jifa, duk da Thomson ya taɓa yi wa Branca irin wannan bugun a wasan farko.

To Giants sun ci gasar World Series, wato karawar ƙarshe da zakaran ɗaya rukunin?

A'a. New York Yankees suka doke su wasa 4 da 2.